Bayi Da Cinikin Bayi A Ƙasarmu: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Magabata?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mutane daga uba ɗaya da uwa ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu na wannan karo a kan wata magana ne wadda ake yawan gardama a kanta a makarantu da majalisun samari, watau maganar bayi da cinikin bayi a ƙasar Hausa da Daular Usmaniyya. In ka saurara da kyau za ka ji mutane sun rabu. Wani ya karanta littattafan Turawa, sai ya ce ai jihadin Shehu ba kome ba ne illa farautar bayi da aka naɗa wa rawani. Wani kuma da ya ji haka sai ransa ya ɓaci, ya ce ƙarya ce ta maƙiya, mu bayinmu 'yan gida ne, ba wanda aka zalunta. Akwai kuma masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tonon wannan magana ba ya haifar da alheri.

To, ka sani Musulmi ba shi da izinin ya zaɓi magana don ta yi masa daɗi. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 135, Allah Ya umurce mu da tsayar da adalci da ba da shaida dominSa, ko da shaidar a kanmu za ta faɗa, ko a kan iyayenmu da danginmu. Wannan ita ce ƙa'idar darasin gaba ɗaya. Ka riƙe ta, mu tafi.

ABIN DA SHARI'A TA SHIMFIƊA

Musulunci ya zo ya tarar da bauta a ko'ina, a wurin Larabawa da Rumawa da Farisawa. A lokacin ana mai da mutum bawa saboda bashi, ko a sace shi a hanya, ko uba ya sayar da ɗansa don yunwa. Shari'a ta toshe waɗannan ƙofofi duka, ta bar guda ɗaya ƙunƙuntacciya, watau kamammun yaƙi na halal wanda shugaba ya jagoranta bisa sharuɗɗa, kuma ko su ɗin shugaba yana da zaɓin ya sake su kyauta ko ya karɓi fansa. Sa'an nan ta buɗe ƙofofin fita da yawa. 'Yanta bawa yana cikin kaffarar kisan kuskure, da kaffarar zihari, da kaffarar rantsuwa. Cikin kashi takwas na masu cin zakka akwai kason 'yanta bayi. Suratun Nur ta yi umurni a rubuta wa bawa yarjejeniyar fansar kansa in ya nema, a kuma taimaka masa da dukiya.

Sa'an nan akwai hadisi a cikin Sahihul Bukhari wanda ya kamata ya sa gaban kowa ya faɗi. Ma'anarsa ita ce, akwai mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sayar da ɗa, watau mai 'yanci, ya ci kuɗinsa. Ka lura da wannan, domin da shi za mu auna abubuwa da yawa.

Malaman ƙasashenmu ba su jahilci wannan ba. A shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta littafinsa Mi'irajus Su'udi, yana amsa tambayar mutanen Tuwat game da baƙaƙen bayin da ake kai musu. Ya nuna musu baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya rushe tatsuniyar nan ta cewa an la'anci zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shi kansa ya san ɗacin kamu, gama sojojin Maroko sun tafi da shi Marrakish a ɗaure a 1594. Ka tambayi kanka: in da ba a sayar da Kanawa da Katsinawa a kasuwannin hamada, me zai sa a yi masa wannan tambaya tun farko?

ABIN DA YA AUKU A ƘASA

Ɗaya daga cikin manyan koke-koken Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a kan sarakunan zamaninsa shi ne bautar da Musulmi. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa Sarkin Gobir ta faɗa wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, ta kwaso su a matsayin bayi. Da aka biyo da su ta kusa da Degel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan yana cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Kuma a cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan Shehu ya bayyana cewa bautar da 'ya'ya daga cikin Musulmi haramun ne, ko a ƙasar Musulunci suke ko a ƙasar yaƙi. Saboda haka wanda ya ce jihadi don neman bayi aka tayar da shi, ya yi wa Shehu ƙazafi.

Amma fa maganar ba ta tsaya nan ba. Daular da aka kafa ta rayu shekara kusan ɗari, kuma ta dogara ga ƙarfin bayi ƙwarai da gaske. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai wajen 5,000. Masana tarihi na wannan zamani, irin su Paul Lovejoy, sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 bayin da ke cikin daular sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Don ka gane girman wannan adadi, Amurka da ake ba da labarinta a duniya bayinta sun kusa miliyan 4 ne a ƙidayar 1860.

In ka ce ba ka yarda da ƙiyasin Turawa ba, to, harshenka fa? Daga ina muka sami kalmar rinji, watau ƙauyen bayi masu noma wa ubangijinsu? Daga ina muka sami murgu, kuɗin da bawa ke biya don a bar shi ya yi sana'ar kansa? Bacucane fa, wanda aka haifa cikin bauta? Ƙwarƙwara da sa-ɗaka fa? Garuruwa nawa ne har yau sunansu ke farawa da Rinji ko Gandu? A kasuwar Kurmi ta Kano akwai wurin da aka keɓe don sayar da mutane, kuma sarakunan Zazzau da Adamawa da wasunsu suna aika bayi Sakkwato cikin gaisuwar shekara. Harshe ba ya ƙirƙiro suna ga abin da babu shi.

Gaskiya ne bautar ƙasar nan ba iri ɗaya ba ce. Akwai bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ikonsu ya fi na 'ya'ya da yawa. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, kuma da yawa sun hau gadon sarauta. Wannan ya bambanta da Amurka, inda mutum kan sayar da ɗan da baiwarsa ta haifa masa. Sai dai kada alkyabbar Shamaki ta rufe maka ido ga barin ganin yarinyar da aka fizge daga bayan uwarta da asuba, aka ƙone garinsu, aka kora ta a ƙasa zuwa Kano, daga nan aka ratsa hamada da ita zuwa Tarabulus. Waɗanda suka mutu a kan hanyar Murzuk ba su ga gidan sarki ba balle su sami sarauta.

Kuma kamun bai tsaya a kan waɗanda ba Musulmi ba. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, an kama shi an sayar, daga baya aka 'yanta shi ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, labarinsa yana nan da Hausa. Baba ta Karo, tsohuwar da aka rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara ke sace mata da yara a ƙasar Zazzau, sai dangi sun tara dukiya sun fanso su. Hausawa Musulmi da yawa an gangara da su bakin teku an sayar wa Turawa, har suka yi tawaye a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807 da 1814, kuma suna cikin babban tawayen Musulmi na 1835. Ko littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka karanta a makarantunmu shekara da shekaru, ai a kan wannan ciwo aka gina shi.

SHAIDA DAGA CIKIN GIDA

Wataƙila ka ce, to, ashe malaman wancan zamani shiru suka yi? Ba su yi shiru ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, tun ana tsakiyar yaƙi, wajen 1807, ya bar runduna ya nufi gabas saboda baƙin cikin abin da ya gani, har ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami. A cikin Tazyinul Waraƙati ya koka da mutanen da suka juya ga neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafin ado, ya kuma ambaci masu sayar da 'ya'ya a kasuwa. Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar mayaƙan jihadi da kashe Musulmin Barno da kame matansu da 'ya'yansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi amsa, kuma ya sa wannan musayar wasiƙu a cikin Infaƙul Maisuri, bai ɓoye tuhumar ba. Ka ga ashe su kansu ba su bar kaza cikin gashinta ba. Don me kai za ka fi su kishin sunansu?

Bayan shuɗewar waɗannan bayin Allah al'amari ya ƙara lalacewa. Hari ya zama sana'a. Ana kai wa ƙabilun da ke da amana da sarakuna, suna biyan abin da aka aza musu, farmaki don kawai baitulmali ya yi ƙasa ko ana bukatar dawaki. Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya yi suna wajen wannan har Turawa suka ture shi a 1901. Hamman Yaji na Madagali ya sa an riƙa rubuta masa abin da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai lissafin hare-harensa a kan mutanen duwatsu da yawan waɗanda ya kamo. Wannan rubutun nasa ne, ba na maƙiyi ba. Wace aya ce, wane hadisi ne ya halatta a ƙone gari a kwashi yara ba tare da an kira mutanensa zuwa ga addini ba? Sau da yawa ma maharin ba ya son su musulunta, domin in sun musulunta abincinsa ya ƙare.

TURAWA FA?

A nan sai wani ya miƙe ya ce, ai Turawa sun fi mu laifi. Haƙiƙa laifinsu babba ne. Mutum kusan miliyan 12.5 aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka. Da Ingila ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma iyayengijin bayi ta biya, bayin ko anini ba su samu ba. Da Lugga ya zo ya ci Kano da Sakkwato a 1903 da sunan hana cinikin bayi, ya rufe kasuwannin bayi, ya ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Amma bai 'yanta waɗanda ke hannu ba, don yana tsoron gonaki su mutu haraji ya tsaya. Sai aka hana su gudu, aka ce kowa ya fanshi kansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Duk wannan gaskiya ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar alƙiyama ba za a tambayi maharin Kwantagora abin da Baturen Liverpool ya yi ba. Kuma akwai abin kunya a nan wanda ya kamata mu haɗiye: me ya sa sai da kafiri ya zo da bindiga kafin a rufe kasuwar da ake sayar da 'ya'yan Musulmi a cikinta? Hujjar rufe ta tana cikin littattafanmu tun tuni. Ahmad Bey na Tunis ya soke bauta a ƙasarsa a 1846, malaman ƙasar suka goyi bayansa, kuma cikin dalilansa akwai cewa yawancin waɗanda ake sayarwa ba a mallake su ta hanyar da Shari'a ta yarda ba.

MA'AUNIN DA ZA KA RIƘE

Na farko, ka rarrabe tsakanin Musulunci da aikin Musulmi. Alƙur'ani da Sunna su ne ma'auni, sarakuna da malamai da attajirai su ake aunawa. Wanda ya kare kowane aikin magabata don wai yana kare addini, ya ɗora wa addini kayan da ba nasa ba. Irin wannan ne makauniyar biyayya ga abin da aka tarar da iyaye a kai, wadda Alƙur'ani ya zarga a wurare da yawa.

Na biyu, masu cewa kada a auna mutanen da da ma'aunin yau, ka ce musu mun yarda. Ba mu bukatar ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu auna su da ma'aunin da su kansu suka karanta, suka karantar, watau littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da Ahmad Baba. Da wannan ma'auni ne sayar da ɗa ya zama haram, cin amanar waɗanda aka yi alkawari da su ya zama haram. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Na uku, ka hukunta aiki, ka bar makomar mutum ga Allah. Suratul Baƙara ta koya mana cewa al'ummar da ta shuɗe tana da abin da ta aikata, mu ma muna da namu, ba za a tambaye mu aikinsu ba. Saboda haka jikan mahari ba shi da zunubin kakansa, kuma ba a ce ka zagi kowa ba. Muna roƙa wa magabatanmu Musulmi gafara, muna yaba ilmin da suka shimfiɗa da masallatan da suka gina, sa'an nan mu ce wannan aiki kaza zalunci ne. Roƙon gafara ma ai shaida ce cewa mutum yana kuskure.

Na huɗu, in ana lissafin magabata, ka tuna wanda aka kama shi ma kakanmu ne. Jinin bayi yana gudana a gidajen sarauta da gidajen malamai da na talakawa. Tarihin da ya san sunan mai doki kaɗai, ya manta da wanda aka ɗaura wa igiya a wuya, rabin tarihi ne.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Kada ka zaci wannan hira ce ta abin da ya wuce. Sa'udiyya ba ta soke bauta ba sai 1962, Muritaniya sai 1981. A Jamhuriyar Nijar sai 2003 aka mai da ita laifin da ake hukuntawa. A 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadizatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a matsayin wahaya, watau mace ta biyar da ake ajiyewa ba aure, kotun ta ce a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 a Chibok, shugabansu ya fito yana alfahari zai sayar da su a kasuwa. Masu satar mutane a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna suna karɓar kuɗin fansa, me ya raba sana'arsu da ta maharan da? Saurayin da aka koya masa cewa duk abin da aka yi a da daidai ne, shi ne wanda ɓatacce zai fi saurin ja. Ka sani ƙofar nan ta rufu. Ƙasashen Musulmi sun ƙulla alkawari da sauran duniya a kan hana bauta, cika alkawari kuwa wajibi ne, kuma 'yanci shi ne abin da Shari'a take kwaɗayi tun asali.

Sa'an nan ka dubi bakinka da gidanku. Har yau akwai gidajen da in saurayi ya zo neman aure sai a aika a binciko ko kakansa bawa ne, in an samu a hana shi, ko da ya fi kowa salla da ilmi. Ina aka samo wannan? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawansa. Ya shawarci Fatima 'yar Ƙaisi, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi ya gaya masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Salimu, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, shi ke yi wa Muhajirai na farko limanci a Ƙuba saboda ya fi su Alƙur'ani. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, babban malaminsa Nafi'u 'yantaccen bawan Abdullahi ɗan Umar ne. In kai ne waliyyi a lokacin, da ka hana Nafi'u 'yarka ke nan?

Haka kuma maƙwabtanmu na kudancin Kaduna da Filato da kudancin Bauci da duwatsun Adamawa. Kakanninsu sun hau duwatsu ne don gudun mahara, kuma jikokinsu ba su manta ba. In ka je wa mutum da wa'azi, ya ce maka kakanninka sun kama nawa, kada ka ce ƙarya yake yi, kada kuma ka yi masa dariya. Ka ce masa an yi, kuma wanda ya kai hari ba bisa haƙƙi ba ya saɓa wa addinin da nake kiranka zuwa gare shi, ga hujja. Wanda ya ji ka faɗi gaskiya a kan naka, shi zai saurare ka a kan sauran. Kuma ka cire kalmomin gori daga bakinka, ko da wasa.

A ƙarshe, ɗan'uwa, ka nemi littattafan nan da muka ambata, ka zauna gaban malami ka karanta su da kanka, kada ka tsaya ga abin da ka tsinta a bakin shago. In gardamar nan ta tashi a gabanka, ka faɗi alherin magabata ba tare da ƙari ba, ka faɗi laifin da aka yi ba tare da ragi ba. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu Musulmi, Ya saka wa waɗanda aka zalunta, Ya tsare hannuwanmu da harsunanmu daga haƙƙin bayinSa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Amin.